Hoto Ya Ƙi Shiga, Memori Ya Cinye Hotunan Biki

Tambaya: Malam, ina cike fom ɗin neman aiki a waya, an ce kada hoton fasfo ya wuce 50KB. Nawa ya ƙi shiga, ga shi jibi za a rufe. Baba har ya ce zai sayar da akuya ya sake mini waya. (Wata ɗaliba daga Gusau)

Kwantar da hankalinki 'yata, ki ce wa Baba ya bar akuyarsa. Wayarki lafiyarta ƙalau, hoton ne ya yi nauyi. Abin da waya ke ɗauka yakan kai 2MB zuwa 5MB, alhali MB ɗaya KB dubu ne da ɗan ɗori, kin ga naki ya ninka abin da suke so sau arba'in ko fiye. Ki fara yanke shi, ki bar kai da kafaɗa kawai. Sannan ki rage faɗinsa ya dawo wajen fiksel 400 (fiksel su ne ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto), ki ajiye shi a nau'in JPG, domin nau'in PNG ya fi nauyi. In ya gagare ki, mai kafe zai yi miki cikin minti biyu, amma ki tsaya a kansa ya goge hotonki da takardunki kafin ki fita. Allah ya sa a dace.

Tambaya: Zan sayi waya mai kyamara 108MP don hotunana su fi na kowa fitowa a WhatsApp. Wacce za ka zaɓa mini? (Wani matashi daga Kano)

Babu wacce zan zaɓa maka a kan wannan dalili. WhatsApp matse hoto yake yi kafin ya tura, ko da wace waya ka ɗauka. Ita kanta mai 108 ɗin, wato fiksel miliyan 108, yawanci haɗe fiksel tara take yi su zama ɗaya, ta ba ka hoton 12MP. Ka je shago, ka ɗauki hoto a lungu mai ƙarancin haske da wayoyi biyu, ka gwada da idonka. Lambar da ke jikin kwali ba ta ɗaukar hoto.

Tambaya: Na sayi memori mai giga 128 a hannun mai yawo da kaya, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Na zuba hotunan bikin 'yata, yanzu rabinsu sun ƙi buɗewa, wasu sun koma toka-toka. Ko da dabarar dawo da su? (Wata uwa daga Damagaram)

Hajiya, wasiƙarki ta taɓa ni, kuma ba zan ɓoye miki ba: alamomin da kika faɗa na memorin jabu ne. Ga yadda suke yi. Sai a ɗauki ƙaramin kati, mai giga 8 ko ƙasa da haka, a sauya bayanin da ke cikinsa yadda zai riƙa gaya wa waya cewa shi 128 ne, a buga masa sunan SanDisk ko Samsung. Da fari komai na tafiya daidai. Ranar da ainihin cikinsa ya cika, waya ba ta sani ba, za ta ci gaba da zubawa, sabo ya hau kan tsoho ko ya tafi inda babu komai. Sunan hoton na nan, hoton babu. Abin da bai taɓa zama a katin ba, babu mai gyaran da zai fito da shi, don haka kada ki biya kowa a kan alkawarin dawo da su duka. Ki cire katin yau, a kwashe waɗanda suka rage a kwamfuta. Sauran kuma ki bi 'yan'uwa da ƙawayen amarya da mai hoton biki, za ki tara da yawa in Allah ya so.

Yanzu ga sauran masu karatu, domin wannan magana na gaji da maimaita ta. Kowa ya san kuɗin memori a kasuwa. Mutum ya ga ana ba shi 128 a kuɗin 16, maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya yi murna ya ci banza. Araha ba ta ado! Mutumin da zai kwashe rabin sa'a yana murza shadda yana ɗaga ta a rana kafin ya biya, shi ne zai karɓi memori ta tagar mota, ya zuba masa hoton mahaifinsa da ya rasu. Shadda in ta koɗe a sayi wata. Wannan hoton fa?

Ku saya a shago mai mazauni, inda za ku iya komawa gobe, ku karɓi rasit. Kyan kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya kwali. Kafin ku zuba abin da kuke so, a gwada katin a kwamfuta da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika shi taf sannan ta karanta ta faɗi ainihin abin da ya ɗauka. Mai shagon da ya ƙi yarda a dawo da kaya in gwaji ya nuna matsala, ku bar masa abinsa. Kuma ko katin na gaske ne, yana mutuwa. Google na ba kowane mai Gmail giga 15 kyauta. Ku rage kallon bidiyo kwana biyu, ku sa datar nan wajen ɗora hotunan da ba za ku iya jure rashinsu ba.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, masu saye na cewa zanen ba ya fita sosai a hoto. (Wata matar aure daga Zariya)

Ki ɗauka a inuwar tsakar gida da hantsi, ki goge gilashin kyamara, ki danna alamar HD a WhatsApp kafin ki tura. Wasu za su ce ki tura a matsayin fayil don kada a matse shi. Gaskiya ne ya fi fita, amma fayil na tafiya da duk bayanan da ke cikinsa, har da wurin da aka ɗauka in kin bar saitin nuna wuri a kunne. Tunda baƙi kike tura wa daga ɗakinki, ki shiga saitin kyamara ki kashe shi tukuna.