Amsa kan haɗa clopidogrel da maganin olsa da na ciwon gwiwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki aka ɗora shi kan clopidogrel 75mg, ga omeprazole yana sha saboda olsa, in gwiwa ta matsa kuma a sayo masa diclofenac a kemis. Ni ba likita ba ce, amma na daɗe ina jinyar Hajiyarmu a kan wannan magani.

Diclofenac ɗin nan shi ya fi ba ni tsoro. Clopidogrel hana jini saurin daskarewa yake yi, su kuwa diclofenac, ibuprofen da piroxicam bangon ciki suke ci. In suka haɗu a jikin mai olsa, jini na iya ɓallewa a ciki ya ƙi tsayawa. Kuma ba lallai a ga aman jini ba. Hajiya dai bayan gidanta ne ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, tafin hannunta ya yi fari fat, da ta miƙe sai jiri. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Ashe wasu ƙwayoyi ne marasa suna da aka ƙulla mata a leda don ciwon baya. Tun daga nan paracetamol kaɗai likita ya yarje mata. Garin Alabukun ma aspirin ne a ciki, a kiyaye.

Omeprazole kuma matsalarsa daban. Sai hanta ta sarrafa clopidogrel kafin ya fara aiki, shi kuwa omeprazole, da ɗan'uwansa esomeprazole, suna dakushe wannan sarrafawar, maganin ya rage ƙarfi. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kai tun 2009. Shan ɗaya da safe ɗaya da dare ba ya warware komai. Mu wani maganin olsar, pantoprazole, aka canza mana.

In za a cire masa haƙori ko tiyata, ku faɗa tun da wuri. Kafin tiyata likita kan dakatar da clopidogrel ɗin kwana 5 zuwa 7, amma shi zai yanke hukunci. Don Allah kar ku tsayar da maganin da kanku don kun ga haɓo ko jinin dasashi, jini na iya sake toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ƙaho kuwa, a ganina a ba wanzami haƙuri.

Ranar ganin likita ki tattara duk abin da Baba ke sha a leda ɗaya, har na gargajiya, ki zube a gabansa. In kin ga baƙin bayan gida kuwa, kar ki jira ranar, ku nufi asibiti nan take.