Amsa ga mai tambayar yadda haske ke turi alhali ba shi da nauyi

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce idan momentom, wato ƙarfin turi da abu mai tafiya ke ɗauke da shi, nauyi ne sau gudu, foton kuma, wato ƙwayar haske, ba shi da nauyi, ina haske ya samo ƙarfin tura abu? Wannan tambayar ce ta ja mini tozarci ina aji biyu a jami'a.

Hannu na ɗaga na yi ta cikin ladabi. Malamin ya cire tabarau, ya ajiye alli, ya ƙare mini kallo, ya ce da na buɗe littafi da ban ɓata wa mutane lokaci ba. Aji ya kwashe da dariya. Ya bar ni a tsaye ya juya ga allo, har aka tashi bai ce in zauna ba. Amsar kuma ko oho. Sati biyu na yi ban leƙa ajinsa ba, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

To ka saki p = mv ɗin nan (p momentom, m nauyi, v gudu), ta abu mai nauyi ce wanda gudunsa bai kusanci na haske ba. Cikakkiyar ita ce E² = (pc)² + (mc²)², inda E makamashi ne, c kuma gudun haske. Sa sifili a gurbin m, sai p = E/c ta fito, wato tunda haske na da makamashi, yana da momentom ko babu nauyi. Iyakar abin da ya hana ni barci ke nan! Masanin kimiyya Maxwell ma tun 1873 ya fitar da matsin haske a lissafi, ba a ko san foton ba. Wani masani, Lebedev, ya auna shi a Mosko a 1900, wasu biyu, Nichols da Hull, suka auna a Amurka a 1901.

Don Allah ka yi lissafin da hannunka, ni a nan abin ya zauna mini. Hasken rana da ke isowa duniya, kafin ya ratsa iskar da ke kewaye da ita, wat 1361 ne a kowace murabba'in mita. Raba da gudun haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa, za ka samu matsin kimanin maikrofaskal 4.5 (faskal ma'aunin matsi ne, maikrofaskal kuma kashi ɗaya cikin miliyan nasa). A kan madubi ninki biyu ne, don mai da hasken yake baya, ba shanye shi ba. Ɗan mitsitsi ne, amma da shi kumbon IKAROS na Japan ya tura kansa a 2010.

Kada kuma a ruɗe ka da ƙwallon gilashin nan na masani Crookes mai fukafukai huɗu da ke juyawa in haske ya buge su, kowanne ɓangare ɗaya baƙi ɗaya mai sheƙi. Malamin nan dai ya kawo shi aji yana taƙama wai ga matsin haske. Da gaskiya ne, ɓangaren mai sheƙi zai fi shan turi, amma baƙin ne ke ja da baya, saboda ragowar iskar ciki da ke ɗumama. Na sani a ranar, amma ban ɗaga hannu ba.