Masu yanke ciyawa sun lalata mini shuke-shuke

Tambaya: Na ɗauki wasu samari suna yanke ciyawar harabar gidana da inji a duk damina, amma a zuwansu na ƙarshe sun sare zogale biyu, sun kuma kankare ɓawon wani ƙaramin mangwaro. Shin in hana su kuɗinsu ne?
Daga wata mai karatu, unguwar Plateau, Yamai.

Amsa: Hajiya, mangwaron ne ya fi damunmu, domin zogale yakan sake tohowa daga kututturensa idan ana ba shi ruwa. Ta ƙarƙashin ɓawo ne abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, saboda haka idan igiyar da injin ke yanke ciyawa da ita ta kankare ɓawon kewaye da gindin gaba ɗaya, itacen zai iya bushewa bayan watanni, ko da ganyensa na nan kore shar a yau. Idan gefe ɗaya ne, ki bar raunin ya warke da kansa, kada a shafa masa fenti ko baƙin mai.

Game da kuɗi kuwa, ba mu ga dacewar hana su hakkinsu duka ba, tunda sun yi aikin. Ki ɗauki hoton ɓarnar, ki nuna wa shugabansu ido da ido, ku daidaita a kan rage kuɗin sabon dashe. Kafin su dawo, a nome kewayen kowane itace kamar rabin mita da hauya, a kafa turaku, domin mai inji ya ga iyakarsa.