Kitse, maiƙo da zancen "hanta da jini"

Wata Hajiya daga Tawa ta aiko da tambaya biyu. Likita ya ce wa maigidanta kitse ya taru masa a hanta, alhali ko tsire ya saya sai ya ce a cire masa kitsen. Shin kitse ya dace a ce ko maiƙo? Kuma me ya sa ake ce wa aminai "hanta da jini"?

Hajiya, kitse shi ne farin nan mai daskarewa da mahauci ke yankowa daga jikin nama. Mai shi ne narkakke, irin na gyaɗa ko na shanu. Maiƙo kuwa shi ne abin da ke saura a hannu ko a kwano. Abin da ke taruwa a hanta ba a yanko shi da wuƙa, ƙananan ɗigo ne a cikin ƙwayoyin naman hantar. Duk da haka ni na fi son a ce kitse, don a jiki yake zaune. Likitoci na kiran hanta mai kitse idan kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta.

Ta biyun ta fi daɗin magana. Kowa ya ga hanta a mahauta ya san ba ta rabuwa da jini, daga nan maganar ta fito. Amma amincin ya wuce zaman tare. Jini ruwa ne, mai kuwa ba ya gauraya da ruwa, don haka sai hanta ta yi masa ƙunshi kafin jini ya iya ɗauka. Tana ƙera wani babban furotin mai suna ApoB-100, wani kuma, MTP, ya riƙa ɗora masa kitsen kamar mai yi wa jaki lodi. Sai a lulluɓe kayan da wani irin mai da ake kira lesitin, wanda da shi ake gina yawancin tantanin da ke kewaye da ƙwayoyin halittar jiki. Hanta na haɗa shi daga kolin, sinadarin da ke cikin ƙwai, waken suya da ita kanta hantar da muke gasawa. In lesitin ya yi ƙaranci, ƙunshi ba ya fita yadda ya kamata, kitse ya kwana a gida.

Game da maigida, a duba kofin shayi kafin a zargi mai tsire. Hanta da kanta take mayar da rarar sukari da tuwo kitse, ko mutum bai taɓa nama ba. Muna cewa "kallon kitse ake wa rogo" idan an ɗauki abu da darajar da ba ta kai ba. To, rogon ma in ya yi yawa a ciki, hanta na iya mayar da shi kitsen gaske. Maganar magani kuwa, sai a koma wurin likitan da ya duba shi.