Kan babur ɗin daji ya karkace, a miƙar ko a sa sabo?

Na ga tambayarka, wai an kawo maka babur irin na tsere a yashi da duwatsu, mai shi ya faɗi da shi kan ya karkace, kana so ka sani ka miƙar masa ne ko ya sayo sabo, in kuma sabon ne wanne zaka ce ya ɗauko tunda ka ga kala-kala.

To yarona, tsaya tukuna, wa ya ce maka handil ɗin, wato ƙarfen kan da ake riƙewa a tuƙa, shi ne ma ya lanƙwashe? Sau da yawa in babur ya sha ƙasa shokar gaba ce ke murɗewa a cikin mariƙinta, ko kuma kusoshin da ke riƙe da mazaunin handil ɗin, musamman masu roba a ƙarƙashi, sai ka ga taya na kallon gabas kai na kallon yamma alhali ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Ɗora babur ɗin a kan wani abu tayar gaba ta bar ƙasa, ka sassauta kusoshin mariƙin shoka na ƙasa da na gatarin taya, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ka daidaita, ka ɗaure, ka sake kallo. In har yanzu a karkace yake to cire handil ɗin gaba ɗaya ka kwantar a kan tebur mai shafe, nan zai tona kansa.

In ya tabbata ya lanƙwashe, kuma na alminiyam ne, kar ka miƙar. Kar ka sa fayif ka danna, kar ka sa masa wuta. Alminiyam ba ya yafe wannan, zai miƙe a ido amma ya riga ya gaji daga ciki, ranar da zai karye kuwa ba ya sallama, sai mutum ya diro daga tsalle ya ga rabin kan a hannunsa. Na baƙin ƙarfe ya fi haƙuri, shi lanƙwashewa yake yi, amma ko shi miƙarwar ta a kai gida ce kawai.

Sai zaɓe, kuma a nan yara irinku ke cin kuɗin mutane don kun ga launi ya yi kyau. Kauri iri biyu ne. Akwai mai milimita 22, wato inci 7/8, kaurinsa ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, yawanci da sanda a tsakiya da ta haɗa ɓangarorin biyu. Akwai kuma mai kaurin ciki, milimita 28.6 a tsakiya inda ake ɗaurewa, sai ya sirance ya dawo 22 a wurin riƙo, irin su Fatbar na kamfanin Renthal da na kamfanin ProTaper. Shi yawanci ba shi da sandar nan, saboda haka yana ɗan lanƙwasa ya dawo, yana shanye jijjiga, hannu bai cika gajiya ba. Renthal ɗin ma suna da Twinwall, bututu biyu ɗaya cikin ɗaya, ga kauri ga sanda, ƙarfi kam ba magana amma wasu na cewa ya yi musu tauri. Abin da nake so ka riƙe: mai 28.6 ba zai zauna a mazaunin 22 ba, sai an canza mazaunin ko an sa masa na ɗori, shi kuma na ɗorin yana ƙara wa kan tsayi, kaga lissafi ya canza kenan. Auna mazaunin kafin ka buɗe baki.

Bayan kauri sai lanƙwasar, kuma ita ce aikin gaskiya. Abu uku zaka duba, faɗi, tashi sama, da yadda bakin ya komo baya wajen mahayi. Faɗin na manya yana wajen milimita 800. Mai ratsa tsakanin bishiyoyi zai so a rage masa kaɗan, to ka yanke daidai wa daida kowane ɓangare, kaɗan-kaɗan, ka goge bakin da magagari, amma kafin zarto ya taɓa ka jera liba da makunni da totur ka ga ko wurin zai ɗauke su, don wanda aka yanke ba ya dawowa. Tsayi kuma ka tuna wannan babur ɗin a tsaye ake tuƙa shi rabin lokaci. Ka sa mai shi ya hau ya miƙe a kan matakan ƙafa, in ya duƙa kamar mai shara kan ya yi masa ƙasa, in kuma ya yi sama da yawa nauyi zai bar tayar gaba ya riƙa zamewa a kwana. Ni in mutum bai taɓa kuka da tsohon ba, tsohon nake aunawa in nemo mai kama da shi, shikenan.

Wajen ɗaurawa ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai, ba abin kunya ba ne, ni ma ina yi. Totur kar ka tsaya kokawa da shi, wayarsa gajera ce, sai ka kwance handil ɗin daga mazauni sannan ka zare, haka kuma zaka fara zura shi a sabon kafin ka ɗora. Ɓangaren da aka yi wa kaushi a baki shi ne hagu, don robar riƙo ta kama. Robobin ma ba ɗaya ba ne, ta dama ta fi faɗin rami don a kan bututun totur take hawa. Babur mai ƙafa huɗu ne da ake danna totur da babban yatsa robobinsa suke ɗaya, kuma shi kansa ya fi tashi ya fi komowa baya, kar ka haɗa su.

Saita handil ɗin a tsakiya da zanen da ke jiki, ka fara da shi a layi ɗaya da shoka, daga baya mai shi ya ce a tura gaba ko baya. Kusoshi huɗun da ke ɗaure handil a mazauni duba littafin babur ɗin, wasu ana fara ɗaure na gaba, wasu ana barin tazara daidai gaba da baya, ƙarfin ɗaurin kuma galibi tsakanin 20 da 28 Nm yake, wato ma'aunin ƙarfin ɗaure ƙusa. Sa sifana mai awo, ba ƙarfin damtse ba, na san halinka. Su liba kuwa kar ka matse su tamau, bar su yadda in ka doka da tafin hannu da ƙarfi zasu juya, in ya faɗi sai su juya maimakon su karye. Ka ɗan karkatar da su ƙasa saboda tsayuwar nan.

Kar ka ba da makulli sai ka tada inji ka bar shi a silo, ka juya kan har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama. In ƙara ta tashi wayar totur ta ɗame, sake mata hanya ko ka nemo doguwa. Ina yaro na taɓa tsallake wannan bayan na sa kai mai tsayi, mutumin na karya kwana a bakin gareji babur ya zabura da shi, Allah ne ya kiyaye, maigidana bai min magana ba kwana biyu. Murɗa totur ka saki, ya koma da kansa fat, in yana jan ƙafa to gam ɗin manna robar riƙo ya shiga ko roba na gogar bakin ƙarfe. Duba tiyon birki ma tayar gaba a ɗage daga ƙasa shoka a miƙe, da wayar kuloci. In ya yi hawan farko ya dawo ka sake bin kusoshin, ka turo min hoton in gani.