Bayan kuɓewar damina, me za a sa a garka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kuɓewa da yakuwar da ka shuka da damina sun ƙare, kana neman abin da za ka sa a garka yanzu da kaka ta shigo. To, kafin ka je sayen iri, fara leƙa rijiyarka. Mu nan Damagaram garinmu a kan dutse yake, ruwa ke zaɓa wa mutum abin shuka. Mutanen Gidimuni da Matamaye, da ruwa ke kusa da su, suna iya noma abin da ransu ke so. Mu na cikin gari sai mun yi lissafi.

In ruwanka ba ya wuce Janairu, tsaya kan salati. Mako 3 a wurin reno, ka dasa, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ka fara cira. Kada ka zuba irin gaba ɗaya, raba shi duk bayan mako 2, don in ya nuna lokaci guda ba ka iya sayar da shi, kuma da zafi ya taso sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Karoti ma yana son sanyin nan, amma shi ba a dasa shi. A fangalinsa ake yafa iri, a tsinge in ya yi cunkoso. Ƙasar da ke da tsakuwa ko ɗanyen taki, sai ka tono shi ya yi ƙafa biyu.

Albasa ita na fi so, musamman 'yar Galmi, saboda tana ajiyuwa. Sai dai tana da jan rai: wajen kwana 45 a reno, sannan kusan wata 4 bayan dashe. Wanda ya zuba iri a Oktoba sai wajen Maris zai cire, daidai lokacin da rijiyoyi ke ja da baya. In ba ka da tabbacin ruwa har can, ka haƙura da ita, wallahi ganin albasa ta bushe tana tsakiyar yin kai abin baƙin ciki ne.

Shu, wato kabeji, yana kyau da hunturu, amma tsutsa na bin sa. Kullum da safe ka riƙa ɗaga ganye kana duba ƙarƙashinsa. Ni 'ya'yan dogon yaro nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da maraice.

Tumatir ka dasa da wuri, cikin Nuwamba, don zafin bazara na kakkaɓe masa fure. Kuma kada ka sa shi inda yalo ko tattasai suka tashi, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kuɓewa kuwa bar ta sai sanyi ya wuce, yanzu daƙushewa za ta yi.

Iskar hunturu na busar da fangali da sauri, don haka yi shingen kara ta gefen gabas da arewa tun kafin dashe. Allah ya ba da albarka.