Amsar tambayar jerin lambobi: me ya sa A, ba C ba

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina Kejetia ne ina jiran trotro zuwa Aboabo. Ƙanwata, na ga tambayar da kika turo tun da asuba, rubutu zai yi tsawo shi ya sa na ce bari in yi murya.

Ga tambayar saboda waɗanda ba su gani ba, daga littafin shirin GMAT take, wato jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci. An ce akwai lambobi 7 a jere, tazarar da ke tsakanin kowace da mai bi mata iri ɗaya ce, wato abin da muka karanta a WASSCE da sunan A.P. Nawa ne jimlarsu? Bayani na ɗaya: lamba ta huɗu 20 ce. Bayani na biyu: tazarar 3 ce. Kika zaɓi C, wai sai an haɗa biyun, littafi ya ce A, wato bayani na ɗaya ne kaɗai ya isa. Kina tambaya ko littafin ne ya yi kuskure.

A'a, littafi na da gaskiya. Amma na san inda kika zame, don ni ma can na zame lokacin da na fara. An saba mana a makaranta cewa sai ka nemo lambar farko, ka nemo tazara, kafin ka taɓa jimla. To su masu GMAT ba jimlar suke so ki kawo musu ba. Tambayarsu ita ce: abin da aka ba ki, ya isa ya tsayar da amsa guda ɗaya tak, ko bai isa ba?

Ki ɗauka mai waake ce ke zubin susu kwana 7, kullum tana ƙara kuɗi daidai wa daida. Rana ta huɗu ta zuba sidi 20. In ƙarin 3 ne: 11, 14, 17, 20, 23, 26, 29. Haɗa, 140. In ƙarin 5 ne fa? 5, 10, 15, 20, 25, 30, 35. Haɗa. 140 kuma! Kin ga abin? Rana ta huɗu ita ce tsakiya, uku a gabanta, uku a bayanta. Abin da rana ta uku ta gaza da shi, rana ta biyar ta cike shi. Na biyu da na shida haka, na ɗaya da na bakwai haka. Saboda haka jimla ita ce 20 sau 7, ko tazarar nawa ce. Kai, ko da raguwa kuɗin yake yi kullum, ko bai motsa ba sam, 140 ɗin nan tana nan daram. Bayani na ɗaya ya wadatar shi kaɗai.

Na biyu kuwa, tazara 3, ba ya gaya miki daga ina aka tashi. Daga 1 ne, daga 100 ne, oho. Bai isa ba. Shi ke nan, A.

Amma ki lura, da lambobin 8 ne ba 7 ba, da C ɗinki ta ci. Don a lokacin tsakiya ta faɗa tsakanin ta huɗu da ta biyar, sanin ta huɗu kawai ba zai kai ki ba sai da tazara. Da biyun sai ki samu 172. Lamba ɗaya aka canza a tambaya, amsa ta juya. Shi ya sa nake cewa ku fara ƙirga ko guda nawa ne kafin ku kalli bayanan.

Akwai wani tarkon, bari in faɗa tunda mota ba ta cika ba. Su ce miki nawa ce lamba ta goma. Na ɗaya: ta biyar ta fi ta biyu da 12. Na biyu: ta tara ta fi ta uku da 24. Mutum ya ga bayani biyu, abubuwan da ake nema biyu, wato lambar farko da tazara, sai ya danna C da murna. Tsaya. Taki 3 ya ba da 12, tazara 4 ke nan. Taki 6 ya ba da 24, tazara 4 dai. Labari ɗaya aka ba ki sau biyu, riga kawai aka canza masa. Har yanzu ba wanda ya ce ga inda ƙafa ɗaya ta taka. Amsa E, wato ko an haɗa biyun ba su isa ba.

Kuma don Allah ku daina cinye lokaci kan lissafi har ƙarshe. Tun da aka sauya fasalin jarrabawar a 2023, irin waɗannan tambayoyi suna cikin sashen da ke da tambaya 20 a minti 45, minti biyu da 'yan daƙiƙu ke nan kowace. Da kin tabbatar amsa ɗaya ce za ta fito, wuce abinki.

Ƙanwata, gwada wannan ki turo min kafin isha'i: lambobi 8, bayani na ɗaya ya ce ta uku da ta shida in an haɗa 50 ne. Ya isa a san jimla ko bai isa ba? Yauwa, ga yaron mota na kira, sai anjima.